Philip Meyer da Shigar Ƙididdiga cikin Aikin Jarida a Amurka

A cikin tarihin ilmin aikin jarida a ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da suka fara neman abinci a ɗakin labarai, sa'an nan suka koma jami'a suka mai da sana'arsu abin nazari. Philip Meyer yana daga cikin manyansu. Wannan takarda za ta bi sawun tambaya guda wadda ta riƙe shi tun daga zamanin tafireta har zuwa zamanin intanet, watau, da wace hujja mai karatu zai yarda da abin da jarida ta gaya masa?

An haifi Meyer a jihar Nebraska cikin 1930. Ya yi aiki a jaridar Miami Herald daga 1958, kuma cikin 1962 aka tura shi Washington ya zama wakilin jaridun kamfanin Knight. A wancan zamani kayan aikin ɗan jarida su ne ido da kunne da littafin aljihu. In wani abu ya auku, sai ya tambayi hukuma da waɗansu mutane biyu ko uku, abin da suka faɗa shi ne labari. Cikin 1966 Meyer ya sami zuwa Jami'ar Harvard na shekara guda, ya koyi yadda masana zaman jama'a su ke zaɓen mutanen da za a yi wa tambaya, da yadda a ke sa kwamfuta ta lissafa amsoshinsu.

Bai daɗe da komowa ba, a watan Yuli na 1967, sai tarzoma ta tashi a birnin Detroit, ta yi kwana biyar, mutum 43 suka halaka. Nan da nan masu sharhi suka yanke hukunci. Waɗansu suka ce aikin jahilai ne da ba su gama makaranta ba. Waɗansu kuwa suka ce baƙaƙen fata ne da suka yi ƙaura daga jihohin kudu, ba su saba da zaman birni ba. To, Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in ya zama ƙarya. Jaridar Detroit Free Press ta ari Meyer, ya tsara tambayoyi, aka tura baƙaƙen fata su bi gida gida a unguwannin da abin ya shafa. Da aka lissafa amsoshin, sai ga shi waɗanda suka taɓa shiga jami'a sun shiga tarzomar daidai da waɗanda suka bar makaranta, kuma waɗanda suka tashi a arewa sun fi 'yan kudu shiga. Abin da mutanen suka fi kuka da shi shi ne zaluncin 'yan sanda da matsin muhalli da rashin aiki. Cikin 1968 ma'aikatan jaridar suka sami kyautar Pulitzer saboda labaran da suka bayar na wannan tarzoma. Meyer ya tattara dabarun cikin littafinsa Precision Journalism na 1973, wanda ya zama tushen abin da a ke kira aikin jarida na ƙididdiga.

Mataki na biyu na aikinsa ya zo ne sa'ad da ya koma Miami cikin 1978 ya shugabanci binciken labarai na kamfanin Knight Ridder. A nan ya sa hannu cikin shirin Viewtron, wanda ya ke aika labarai ta wayar tarho zuwa allon talabijin a gidajen mutane. An buɗe shi ga jama'a cikin 1983, aka rufe cikin 1986 bayan hasarar kimanin dala miliyan 50. Na'urar ta yi tsada, amma akwai wani darasi da ya fi wannan, domin masu amfani da ita sun fi sha'awar aika wa juna saƙo bisa ga karanta labarai. Abin da intanet ta zo ta tabbatar daga baya ke nan.

Tun cikin 1981 Meyer ya koma Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, ya yi koyarwa har ya yi ritaya cikin 2008. A nan ya juya ma'aunin nasa kan jaridun kansu. Cikin littafinsa The Vanishing Newspaper na 2004 ya nuna cewa abin da jarida ta ke sayarwa shi ne tasiri, tasirin kuwa daga yardar mai karatu ya ke fitowa, kuma ita wannan yarda masu talla su ke biyan kuɗi dominta. Saboda haka kamfanin da ya rage ma'aikata don ribar bana ta yi kauri, kamar manomi ne da ya surfa irin shukarsa ya yi tuwo. Ya kuma lissafa cewa in raguwar masu karanta jarida kullum ta ci gaba kamar yadda ta ke, za su ƙare cikin 2043. Mutane da yawa suka ɗauki wannan shekara kamar duba, alhali kuwa gargaɗi ne.

Meyer ya rasu cikin 2023 yana da shekara 93. Tun daga 2005 a ke ba da wata kyauta da sunansa ga 'yan jaridar da suka yi aiki da dabarun binciken zaman jama'a. Wanda ya dubi aikinsa daga Detroit zuwa Chapel Hill zai ga cewa abin da a ke ɗora labari a kai ya sake sau biyu, daga takarda zuwa allon talabijin zuwa intanet, amma sharaɗin da ya gindaya bai sake ba: kada ɗan jarida ya faɗi abu a kan jama'a sai ya iya nuna yadda ya sani.