TARIHIN LAMBA DA MA'AUNINTA: Daga Kumbon NASA Da Ya Ɓace Zuwa Fawa Bank Ɗinka

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya mu taɓa tarihi. Ka daure ka karanta har ƙarshe, domin zai iya hana ka asarar kuɗi ranar da za ka sayi fawa bank ko memori.

Bari in fara da tambaya. In na ce maka "5000" na yi shiru, me na faɗa maka? Naira 5000? Mita 5000? Ko batir mai 5000mAh? Kai mutum ne, za ka duba hirar da ake yi ka gane nufina. Ita kuwa kwamfuta abin da aka rubuta mata shi kaɗai ta sani. In ba a gaya mata ma'aunin ba, za ta ɗauki lambar ta yi lissafi da ita, hankalinta kwance, ko da kuwa lissafin zai kai mutane ga halaka. Tarihinmu na yau shi ne yadda aka sha wuya kafin a koya wa na'ura cewa lamba ba ta tafiya ita kaɗai.

MATSALAR TA GIRMI KWAMFUTA

Ka san yadda mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, shi ya sa mai sayen hatsi yakan ce a nuna masa kwanon tukuna. To haka Faransa take a da. Kowane gari da irin awonsa, suna ɗaya amma girma daban, talaka kuma shi ke kwana a ciki.

Lokacin juyin juya halin ƙasar, a 1791 masanansu suka kawo shawarar a samu awo ɗaya da ba na wani sarki ko wani gari ba. Suka ce a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu, a kasa shi kashi miliyan 10, kashi ɗaya shi ne mita. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka kwashe shekaru tun daga 1792 suna awon ƙasa tsakanin garin Dunkirk da Barcelona. A 1799 aka ƙera sandar mita ta ƙarfen filatinam aka adana.

Ran 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Paris, sannan a 1960 aka kafa tsarin awo na duniya da ake kira SI. Sai dai ba kowa ya saki nasa ba. Amurka ta ci gaba da amfani da inci da ƙafa da laba a harkokin yau da kullum. Shi ya sa har yau ake auna sikirin ɗin wayarka da inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, don haka sikirin mai inci 6.5 ya kai santimita 16.5, daga kusurwa zuwa kusurwa. Duniya ta zauna da awo iri biyu ke nan, kuma a nan gizo yake saƙa.

JIRGIN DA MAI YA ƘARE MASA A SAMA

Ran 23 ga Yuli 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal za shi Edmonton a ƙasar Kanada, da mutum 69 a ciki. Lokacin ƙasar tana cikin sauyawa zuwa awon kilo, kuma wannan sabon jirgi da kilo yake aiki. Agogon man jirgin ya samu matsala, sai aka yi lissafin man da hannu. Ana buƙatar kilo 22,300, amma aka yi lissafin da laba. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. Lambar da ke takarda daidai take, man da ke tanki kuwa bai kai rabin abin da ake buƙata ba.

Suna can sama man ya ƙare, injina biyun suka mutu. Allah Ya sa matuƙin, Robert Pearson, ya iya tuƙa irin jiragen nan marasa inji. Ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

KUMBON DA YA ƁACE

Na biyun bai zo da sauƙi haka ba. Ran 11 ga Disamba 1998 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbo mai suna Mars Climate Orbiter don ya je ya nazarci yanayin duniyar Mars. Kamfanin Lockheed Martin ne ya ƙera shi. Manhajar kamfanin tana fitar da lissafin ƙarfin turi da awon laba, ita kuma manhajar masu sarrafa tafiyar a NASA tana karɓar lambobin a matsayin awon niyuton, wanda shi ne na SI. Bambancin ninki 4.45 ne.

Ka lura fa, babu manhajar da ta lalace. Waccan ta ba da lamba, wannan ta karɓi lamba, ba wadda ta tambayi 'yar uwarta "lambar mece ce wannan?" Wata tara ana tafiya kuskuren yana taruwa. Ran 23 ga Satumba 1999 kumbon ya isa. An tsara ya wuce a nisan kilomita 226 daga doron Mars, sai ya gangara har wajen kilomita 57. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kumbon da aka kashe wa kimanin dala miliyan 125 ya tafi a kan rashin rubuta ma'auni kusa da lamba.

DAGA NAN SAI INTANET

Wannan tsakanin manhaja biyu ke nan. To ina ga intanet, inda miliyoyin na'urori ke musayar lambobi ba su san juna ba?

Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989 lokacin yana aiki a cibiyar CERN, ya hango wannan. Shafukan intanet don idon mutum aka rubuta su, na'ura tana nuna su ne kawai ba tare da ta san me ke ciki ba. A watan Mayu 2001 shi da James Hendler da Ora Lassila suka yi rubutu a mujallar Scientific American kan abin da suka kira Semantic Web, wato yanar gizon da na'ura za ta iya bin ma'anar abin da ke cikinta.

Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta riga ta fitar da tubalin farko a 1999, sunansa RDF. Dabarar mai sauƙi ce: kowane bayani a gutsura shi gida uku, abu, sifarsa, da ƙimarta. Misali:

wayar nan → nauyinta → 190

A 2004 aka ƙara da OWL, yaren da ake rubuta ontoloji da shi. Kada kalmar ta ba ka tsoro. Ontoloji kamar kundi ne da ke gaya wa na'ura ire-iren abubuwa da dangantakarsu: waya na'ura ce, kowace waya tana da batir, batir yana da ƙarfi.

Amma duba misalin can da kyau. 190 ɗin me? RDF ya aro nau'o'in bayani daga wani tsari mai suna XML Schema, wanda ya san cikakkiyar lamba, ya san lamba mai ɗigo, ya san kwanan wata, ya san "e ko a'a". Bai san giram ba, bai san mita ba. Ramin da ya cinye kumbon NASA yana nan a buɗe.

HANYOYI BIYU DA AKA BI

Hanya ta farko: ka ƙirƙiri naka nau'in bayanin, ka liƙa shi jikin lambar. Maimakon ka ce 190 lamba ce kawai, sai ka ce nau'inta "giram" ne. DBpedia, wanda aka fara a 2007 don tattaro bayanan Wikipedia a tsarin RDF, ya bi wannan hanya, yana da nau'in kilomita da na kilogiram da sauransu. Rubutun gajere ne, ga sauƙi. Matsalar ita ce injin da ke bincike a cikin bayanan bai san ma'anar sabon nau'in ba sai an koya masa. A wajensa kilomita 1 da mita 1000 baƙin juna ne.

OWL 2 da ya fito a watan Oktoba 2009 ya ba da damar ka gina nau'in bayani mai iyaka. Misali ka ce "cajin batir" lamba ce daga 0 zuwa 100, duk wanda ya shigar da 140 a gane kuskure ne. Ya taimaka, amma iyaka ya sa wa lambar, bai koya mata juya awo ba. Daga baya wasu masana biyu a Faransa, Maxime Lefrançois da Antoine Zimmermann, suka kawo nau'i ɗaya da ke ɗauke da lamba da ma'auninta tare, bisa tsarin UCUM da aka fi sani a harkar asibiti da ɗakunan gwaji. Injin da aka saka wa wannan zai gane kilomita 1 daidai take da mita 1000.

Hanya ta biyu: ka mai da awon kansa abu mai zaman kansa. Ka ce wayar tana da nauyi, nauyin yana da lamba 190, yana kuma da ma'auni giram. Sannan shi giram ɗin yana da nasa shafin bayani: awon nauyi ne, kuma in za a mai da shi kilo a ninka da 0.001. Haka ontolojin QUDT yake aiki, kuma ba za ka yi mamaki ba in na ce maka don wani aikin NASA aka fara gina shi, tare da kamfanin TopQuadrant. Akwai kuma OM da aka gina a Wageningen ta ƙasar Holan. Wannan hanya ta fi tsawo, ta fi cin wuri, amma na'ura za ta iya juya awo da kanta, kuma za ta ƙi haɗa nauyi da tsawo.

Ita ce ta fi shigowa rayuwarmu. A 2011 Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa Schema.org, inda mai shagon intanet zai rubuta lamba tare da alamar ma'auninta: KGM kilo, CMT santimita, INH inci. Wikidata da aka buɗe a 2012 shi ma a 2015 ya fara karɓar lamba da ma'auninta. Har gobe dai ba a tsaya a kan hanya ɗaya ba, kowacce tana da masu bin ta.

TO INA RUWANKA DA WANNAN?

Ruwanka babba ne, domin irin wannan ruɗani yana cikin aljihunka. Ga guda uku da muke yawan gani a wajen gyara:

1. Fawa bank. Mutum zai sayi mai 10,000mAh ya ce ai zai cika wayarsa mai 5000mAh sau biyu, in bai samu haka ba ya ce jabu aka sayar masa. Wani lokacin jabun ne, amma ko na ainihi ba zai ba ka biyu cur ba. mAh awon yawan caji ne, Wh shi ne awon ƙarfin da aka tara, kuma ba ka juya ɗaya zuwa ɗaya sai ka san volt. Batirin ciki yawanci 3.7V ne, wato 10,000mAh ya zama 37Wh. In zai fita ta USB a 5V, lissafin ya koma 7,400mAh, ga kuma abin da zafi ke cinyewa a hanya. Don haka ka juya bayansa ka nemi Wh. Da shi ma kamfanonin jirgin sama ke aiki, yawancinsu 100Wh ne iyakar abin da za ka shiga da shi ba tare da neman izini ba.

2. Memori. An rubuta 64GB, ka sa a kwamfuta mai Windows ka ga 59.6. Ba a sace maka komai ba. Mai ƙerawa yana ƙirga dubu-dubu, kwamfutar tana ƙirga 1024-1024, kuma dukkansu GB suke rubutawa. Tun 1998 hukumar IEC ta ba na biyun sunansa daban, GiB, amma ba kowa ke amfani da shi ba. In kuwa ka ga giɓin ya wuce haka da nisa a memorin da babu komai a ciki, nan ne za ka yi zargi.

3. Gudun data. Mbps daban, MB/s daban. Ƙaramar b bit ce, babbar B bait ce, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. In gwaji ya nuna maka 40Mbps, abin da za ka gani wajen sauke fim bai wuce 5MB a daƙiƙa ba.

Fiye da shekara 200 ke nan tun daga sandar mita, manyan masana suna ta fama a kan abu ɗaya: kada lamba ta fita ba tare da ma'auninta ba. Kai ma ka riƙe wannan. Duk mai sayarwar da ya cika ka da manyan lambobi, ka tsayar da shi ka ce, "Malam, dubu ashirin ɗin me? A kan volt nawa?" In ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa.

Yanzu ɗauko fawa bank ɗinka ka duba bayansa. Rubuta mana mAh da volt da ka gani a kwament, mu yi lissafin tare. Ka kuma tura wa wanda ka san yana shirin saye. Sai mun haɗu a darasi na gaba.