Mene Ne Maganin Bayolojik?

Bayolojik suna ne da likitoci da masu kemis suke kiran duk maganin da aka samar daga abu mai rai: jinin mutum ko na dabba, ƙwayoyin halittar jiki, bakteriya ko yis. Kalmar ta Turanci ce, asalinta daga Girkanci, inda "bios" ke nufin rai. Da Hausa sai mu ce maganin da aka samo daga halitta mai rai.

A nan ne wasu suke ruɗewa. Jin an ce halitta, sai su ɗauka sassaƙe da saiwa ake nufi. A'a, maganin gargajiya ba ya cikin wannan sahu. Haka ma farasitamol, shi haɗin sinadarai ne kawai.

Waɗanda ke ciki sun haɗa da alluran riga-kafi, insulin na masu ciwon suga, maganin dafin maciji da ake tacewa daga jinin doki ko tunkiya, da wasu sabbin magungunan ciwon daji.

'Yan kara za su ji daɗin wannan: saniya na da hannu a tarihinsa. A 1796 Edward Jenner na Ingila ya yi riga-kafin agana da ƙurajen jikin shanu. Insulin da aka fara yi wa mutum a Kanada a 1922 daga kayan cikin shanu aka ciro shi, sai a 1982 aka amince da wanda bakteriya ke samarwa. Allurar ciwon huhun shanu da cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi, ita ma bayolojik ce.

Sanin sunan na da amfani, domin irin wannan magani ba ya son zafi. Yawancinsa ana ajiye shi a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ya daskare. In ya sha rana zai iya mutuwa, alhali kwalbar tana nan garau. Mafi yawansa allura ne, don in aka haɗiye, ciki zai narkar da shi kamar nama.

Saboda haka, ko a Agege kake ko Sabon Ibadan ko Lokpanta, kada ka sayi insulin ko riga-kafi a faranti ko cikin mota. Je kemis mai rajista, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka ga an ciro shi daga firji. Ka kuma tambaya: in an ɗauke wuta, yaya suke yi?