Tantance Adadin Jama'a: Tarihin Horar da Masana Ƙididdigar Al'umma a Afirka

Gabatarwa

A farkon littafinsa na Muƙaddima, wanda ya kammala rubutunsa na farko a shekarar 1377, Ibn Khaldun ya tsaya a kan wani adadi da Mas'udi da wasu marubuta tarihi suka ruwaito, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Ya auna adadin da faɗin ƙasar da za ta ciyar da su, ya gwada shi da rundunar Farisa a Ƙadisiyya wadda aka ce 120,000 ce, alhali daular Farisa ta fi girma nesa ba kusa ba. Sannan ya duba kakanni ƙalilan da ke tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, ya nuna cewa a bisa al'ada zuriyar mutum ɗaya ba ta yaɗuwa haka cikin wannan ɗan lokaci. Wannan aiki na auna adadi kafin a karɓe shi, shi ne ƙashin bayan abin da ake koya wa ɗalibin digiri na uku a ilimin ƙididdigar al'umma. Maƙalar nan za ta bi tarihin yadda wannan horo ya kafu a jami'o'i, da yadda ya iso Afirka, da dalilin da ya sa ya daɗe bai zauna da gindinsa ba.

Tushen fannin

Ƙidayar mutane tsohuwar aba ce. Buhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka samu maza 1,500. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani, inda aka rubuta mutane ƙabila-ƙabila domin rabon dukiyar baitulmali. Sai dai ƙidaya daban, ilimin da ke fassara ta daban. Shi ilimin ana danganta farkonsa da John Graunt, wani ɗan kasuwa a Landan, wanda a 1662 ya tattara takardun mace-macen birnin ya fitar da ƙa'idoji daga cikinsu, har ya lura cewa jarirai maza sun ɗan fi mata yawa wajen haihuwa. A 1798 Thomas Malthus ya wallafa ra'ayinsa cewa yawan jama'a yana gudu fiye da abinci, kuma a 1855 Bafaranshe Achille Guillard ya raɗa wa fannin sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau.

Duk da haka, sai a ƙarni na 20 fannin ya samu mazauni a jami'a. A 1936 Frank Notestein ya buɗe ofishin binciken yawan jama'a a Jami'ar Princeton ta Amurka, a 1945 kuma Faransa ta kafa cibiyarta ta INED ƙarƙashin Alfred Sauvy. Notestein ne ya yaɗa ra'ayin da ya zama karatun farko ga kowane ɗalibi, wato cewa al'umma takan tashi daga yawan haihuwa da yawan mutuwa, mutuwar ta fara raguwa, jama'a su ƙaru da sauri, daga baya haihuwar ta biyo baya. Daga tarihin Turai aka ciro wannan ra'ayi, kuma da shi aka shiga auna sauran duniya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsoron ƙaruwar jama'a a Asiya da Afirka da Latin Amurka ya jawo kuɗi masu yawa cikin fannin. John D. Rockefeller na Uku ya kafa Population Council a 1952, wadda ta riƙa ɗaukar nauyin ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa zuwa jami'o'in Amurka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe cibiyoyin horo na yankuna: Bombay a 1956, Santiyago a 1957, Alƙahira a 1963. Tun daga nan fannin ya taso da fuska biyu. Ilimi ne na lissafi mai tsauri, kuma akasarin masu ba shi kuɗi rage haihuwa ce babbar damuwarsu.

Ƙididdiga inda babu rajista

Hanyoyin da aka gina a Turai sun dogara ne da rajistar haihuwa da ta mutuwa. A mafi yawan ƙasashen Afirka babu irin wannan rajista. Abin da Turawan mulkin mallaka suka bari galibi lissafin masu biyan haraji ne, kuma a ƙasar Hausa kowa ya san dalilin da zai sa magidanci ya rage yawan mazan gidansa ko makiyayi ya ɓoye shanunsa ranar jangali.

Wanda ya fi kowa ba da gudummawa wajen warware wannan matsala shi ne William Brass, ɗan Sikotilan da ya yi aiki a ofishin ƙididdiga na Afirka ta Gabas daga 1948 zuwa 1955, daga baya ya koyar a makarantar kiwon lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce. A tambayi kowace mace abu biyu: 'ya'ya nawa ta taɓa haifa, kuma nawa ne ke raye. Idan aka kasa matan bisa shekarunsu, kason 'ya'yan da suka rasu a wurin mata 'yan shekara 20 zuwa 24 yana nuna kusan yiwuwar yaro ya mutu kafin ya cika shekara 2, na 'yan 30 zuwa 34 kuma yana nuna yiwuwar mutuwa kafin shekara 5. Haka nan, tambayar mutum ko mahaifiyarsa na raye tana ba da hasken mutuwar manya. A 1968 Brass da Ansley Coale da abokan aikinsu suka fitar da babban littafi a Princeton kan ƙididdigar al'ummar Afirka, wanda ya zama abin karatun ɗalibai shekaru da dama. A 1989 shi da Wendy Graham da Robert Snow suka ƙara wata hanya da suka gwada a Gambiya, ta tambayar mutane game da 'yan'uwansu mata domin gano yawan masu rasuwa wajen haihuwa.

Amma ingancin waɗannan hanyoyi yana rataye ne a wuyan amsar da aka bayar, kuma a nan sanin al'ada ya zama sharaɗi. Bahaushiya ko Bafulatana tana jin kunyar ɗan fari, har ba ta kama sunansa, don haka tana iya tsallake shi a gaban baƙo. Jaririn da ya koma kafin ranar suna sau da yawa ba a lissafa shi. Yaron da aka bai wa goggo ko kaka riƙo ana iya ƙirga shi sau biyu ko a manta da shi gaba ɗaya. Gidan da ake kulle, namiji mai ƙidaya ba ya wuce zaure. Shekaru kuma mutane sukan faɗi 30 ko 35 ko 40, har masana suka ƙirƙiri ma'aunin gane irin wannan cunkoso a kan lambobin da suka ƙare da sifili da biyar. Ɗalibin da ya ƙware a lissafi amma bai san waɗannan abubuwa ba, sakamakonsa zai yi kyau a takarda ya saɓa wa abin da ke ƙasa.

Darasin Nijeriya

Babu ƙasar da ta ɗanɗana ɗacin ƙarancin masana kamar Nijeriya. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba da kimanin miliyan 30.4. An soke ta 1962 saboda taƙaddama, aka sake a 1963, aka sanar da miliyan 55.7. Wannan yana nufin ƙaruwar kusan kashi 6 cikin ɗari a kowace shekara, abin da haihuwa kaɗai ba ta samarwa. Ko dai ta farko ta rage, ko ta biyu ta ƙara, ko duka biyun. Da yake da adadin ake raba kujerun majalisa da kuɗin tarayya, gwamnatin Jihar Gabas ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ba ta yi nasara ba, kuma gabar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka raunana Jamhuriya ta Farko.

Cikin wannan yanayi aka yi babban taron farko kan yawan al'ummar Afirka a Jami'ar Ibadan a watan Janairun 1966, watan da aka yi juyin mulkin farko. John Caldwell ɗan Ostireliya da Chukwuka Okonjo suka tattara takardun taron suka buga a 1968. A cikinsu Okonjo ya ƙiyasta cewa jama'ar Nijeriya a tsakiyar 1962 kimanin miliyan 45 ne. Aikin Ibn Khaldun ke nan da kayan zamani. Sai dai masu iya irin wannan aiki a lokacin ba su da yawa, kuma muryarsu ba ta kai ta 'yan siyasa ba. Ƙidayar 1973 ta ba da miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 kuma miliyan 140.4.

Cibiyoyin Afirka da giɓin digiri na uku

A 1972 cibiyoyi biyu suka fara aiki da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya: RIPS a Jami'ar Gana da ke Legon domin ƙasashe masu amfani da Ingilishi, wadda Okonjo ya shugabanta, da IFORD a Yawunde ta Kamaru domin masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar da Chadi. Su suka yaye yawancin ma'aikatan da suka gudanar da ƙidaya da manyan bincike-bincike a nahiyar. Nijar ta yi cikakkiyar ƙidayarta ta farko a 1977. Nijeriya ta yi binciken haihuwa a 1981 zuwa 1982, sannan binciken al'umma da lafiya na farko a 1990, Nijar kuma a 1992.

Amma horon waɗannan cibiyoyi a farko ya fi karkata ga difloma da digiri na biyu, wato samar da masu tattara bayanai da sarrafa su. Mai son digiri na uku sai ya nufi Pennsylvania ko Michigan ko Landan ko Canberra ko Louvain ko Montreal. Bambancin ba na takardar shaida kaɗai ba ne. A matakin digiri na uku ne ɗalibi ke koyon zaɓen tambaya da kansa, da gina hanyar amsa ta, da kare sakamako a gaban masana. Muddin ana yin wannan a waje, to tambayoyin ma can ake tsara su. An yi ayyuka masu daraja ta wannan hanya. Caldwell, daga bincikensa a ƙasar Yarbawa, ya bayyana a 1976 cewa iyaye suna son 'ya'ya da yawa ne inda amfani ke gudana daga 'ya'ya zuwa iyaye, a 1979 kuma ya nuna cewa ilimin uwa yana rage mutuwar yara ƙwarai. Sai dai batutuwa irin su almajirci da cin rani da yawan saki da sake aure ba su samu kulawar da aka bai wa tsarin iyali ba.

Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya raunana jami'o'i, masana da dama suka tafi ba su dawo ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 tallafin waje ga cibiyoyin yankuna ya ja baya. Ƙoƙarin gyara ya zo ta ƙungiyar masana yawan al'umma ta Afirka da aka kafa a 1984, da cibiyar APHRC ta Nairobi wadda ta tsaya da ƙafarta a 2001, da shirin CARTA da ita da Jami'ar Witwatersrand suke jagoranta. A shirin CARTA malamin jami'a yana yin digirinsa na uku a jami'ar Afirka, ciki har da Ibadan da Ife, ana tara ɗaliban lokaci-lokaci domin horo na haɗin gwiwa.

Azhar da haɗa fiƙihu da ƙididdiga

A ƙasashen Musulmi fannin ya gamu da zargi, ganin inda kuɗinsa ke fitowa. Hanyar da Masar ta bi ita ce shigar da shi cikin babbar jami'ar addini. A 1975 aka kafa Cibiyar Musulunci ta Duniya domin Nazarin Yawan Al'umma a Jami'ar Azhar, da haɗin gwiwar asusun UNFPA, inda likitoci da masana ƙididdiga da malaman shari'a ke aiki a inuwa ɗaya. Masanin Masar Abdel Rahim Omran, wanda a 1971 ya yi fice da bayaninsa kan yadda cututtukan da ke kashe al'umma ke sauyawa, ya wallafa littafi a 1992 kan tsarin iyali a turasin Musulunci, inda ya bi maganganun malaman mazhabobi a kan azalu, har da na Imamu Gazali. Wannan kusanci bai hana saɓani ba. Gabanin taron Alƙahira na 1994 majalisar binciken Musulunci ta Azhar ta soki wasu sassa na daftarin taron, Saudiyya da Sudan kuma suka ƙaurace masa.

Haɗin yana da tushe a ilimin kansa. A 1978 John Bongaarts ya nuna cewa abubuwa ƙalilan ne ke ƙayyade yawan haihuwa kai tsaye, cikinsu akwai yawan matan da ke da aure da tsawon shayarwa. Aure da saki da idda da shayarwar shekara biyu duk babi-babi ne a littattafan fiƙihu. Saboda haka ɗalibin shari'a da ya koyi ƙididdiga yana shiga fannin da sanin da ba a samu a ajin lissafi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa Afirka ta samu masu tattara adadi tun shekarun 1970, amma masu ikon tantance shi da tsara tambayar da za a yi sun yi jinkirin samuwa, domin matakin da ke samar da su ya daɗe a ƙetare. Nijeriya ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, kuma a kan ƙiyasi ake tsara azuzuwa da asibitoci da rabon arziki. Jami'o'in Musulunci da ke yankin suna da ɗalibai masu harshen jama'a da sanin hukunce-hukuncen iyali. Abin da ya rage musu shi ne malaman lissafin ƙididdiga da masu duba kundin digiri na uku, irin waɗanda Azhar ta fara tarawa a 1975.