Bandejin tsayar da jini: Yadda yake aiki

Zubar jini mai yawa na cikin manyan abubuwan da ke kashe wanda ya ji rauni kafin a kai shi asibiti.

Wannan matsala ce da aka sani a masarautar Zuru ta jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, inda hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari a shekarun 2021 da 2022, kuma ƙauyuka da dama na da nisa da babban asibitin Zuru.

Da me ake yin sa?

Akwai bandejin da ake yi da sinadarin kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa.

Idan ya taɓa rauni, sai ya janyo jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule su toshe kafar, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa mai suna HemCon a shekarar 2002, kuma sojojin ƙasar sun yi amfani da shi a Iraƙi da Afganistan.

A shekarar 2008 suka rungumi Combat Gauze, ƙyallen da ke ɗauke da wani farin yumɓu mai hanzarta daskarewar jini.

Wani kuma, aljinet, daga ciyawar teku ake yin sa, yana tsotse ruwan gyambo.

Zuma fa?

A shekarar 1988, Dokta Spencer Efem na asibitin koyarwa na Kalaba ya wallafa binciken da ya yi kan marasa lafiya 59 masu raunukan da mafi yawansu suka ƙi warkewa, inda 58 suka samu sauƙi da zuma.

Sai dai zuma maganin ruɓewa ce, ba ta tsayar da jinin jijiya.

Yadda ake amfani da shi

Ana cusa bandejin cikin raunin, a danne da ƙarfi na aƙalla minti 3.

Inda babu shi, tsabtataccen ƙyalle da dannawa na ceton rai.

Likitoci na gargaɗi kan zuba ƙasa ko kashin shanu, domin suna jawo ciwon sarƙe-haƙora.

Ko da jini ya tsaya, wajibi ne a garzaya asibiti.