BRT: Yadda keɓe wa bas hanya ke rage wahalar zirga-zirga a birane

BRT tsari ne na sufurin jama'a da ake keɓe wa manyan motocin bas wani layi nasu su kaɗai a kan titi, domin su riƙa tafiya da sauri kuma su riƙa zuwa tasha a kai a kai. Manufarsa ita ce samar da aiki irin na jirgin ƙasa na cikin gari ba tare da kashe kuɗin shimfiɗa layin dogo ba.

Asalinsa

An fara tsarin ne a birnin Curitiba na ƙasar Brazil a shekarar 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner. Ya ƙara yin suna a watan Disamba na 2000, lokacin da Bogota, babban birnin Kolombiya, ya buɗe TransMilenio a ƙarƙashin magajin gari Enrique Peñalosa. A Afirka, Legas ce ta fara a 2008, sai Johannesburg a 2009 da Dar es Salaam a 2016. Dakar ta ƙaddamar da nata a 2024 da motoci masu amfani da lantarki.

Yadda yake aiki

Abubuwa huɗu ne ke sa bas ɗin BRT sauri. Na farko shi ne keɓaɓɓen layi, wanda ake killacewa don kada wasu motoci su shiga. Na biyu, fasinja yana biyan kuɗi kafin ya hau, ko da tikiti ko da kati, saboda haka ba a ɓata lokaci wajen neman canji. Na uku, bas ba ta tsayawa sai a tashoshin da aka ƙayyade, kuma ba ta jiran sai ta cika. Na huɗu, a wasu birane kamar Bogota, akwai layi na biyu a gefen tasha, inda bas mai dogon zango ke wuce ƙananan tashoshi ba tare da ta tsaya ba.

Saurin tafiya shi ke rage jira. Misali, idan bas tana ɗaukar minti 120 ta je ta dawo, kuma motoci 20 ne a hanyar, za a riƙa samun bas duk bayan minti 6. Idan keɓe layi ya rage tafiyar zuwa minti 60, waɗannan motoci 20 ɗin za su riƙa zuwa duk bayan minti 3, ba tare da an sayi ko guda ɗaya ba. Wannan ne ya sa sayen sababbin motoci kaɗai ba ya magance matsalar, domin sabuwar bas ma maƙalewa take yi a cunkoso kamar tsohuwa.

Misalin Legas

Hukumar LAMATA, wadda ke kula da tsarin sufuri a Legas, ta buɗe layin farko ranar 17 ga Maris, 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola. Tsawonsa kilomita 22 ne, daga Mile 12, inda babbar kasuwar kayan gwari mai cike da 'yan kasuwar Arewa take, zuwa CMS a tsibirin Legas. Maimakon a kori masu tsohuwar sana'ar, an shigar da ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin tafiyar da motocin, abin da ya rage turjiya. A shekarunsa na farko, layin na ɗaukar fasinja kimanin 200,000 a rana.

A 2015 aka tsawaita hanyar zuwa Ikorodu. A watan Agusta na 2020 kuma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe layin Oshodi zuwa Abule-Egba, kuma a shekarar ce aka fara biyan kuɗi da katin Cowry.

Ƙalubale

Babbar barazana ga tsarin ita ce kutsen wasu motoci cikin layin. Dokar Legas ta haramta hakan, amma a 2012 sai da Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja yana tuƙi a kan layin BRT. Sauran matsalolin sun haɗa da tsadar man dizal da kayan gyara, waɗanda ke rage yawan motocin da ke fita aiki. Da zarar motoci sun ragu, jerin fasinjoji a tasha sai ya yi tsawo, wasu su koma hawa ɗanfo.

Bangaren siyasa

Keɓe layi na nufin karɓe wani ɓangare na titi daga masu motocin kansu a miƙa wa masu hawa bas, waɗanda su ne suka fi yawa. Hukunci ne na siyasa, kuma yakan gamu da adawa. Saboda haka, duk lokacin da wata gwamnati ta yi alkawarin kawo BRT, akwai tambayoyin da suka fi adadin motoci muhimmanci: wane titi za a keɓe, wa zai tsare layin daga masu kutse, duk bayan minti nawa bas za ta riƙa zuwa, daga ina kuɗin gyara zai fito, kuma mene ne makomar direbobin da ke cin abinci a wannan hanya a yau.