Kansar Fata a Jihar Neja: Zabaya, Rana da Aikin Gayya

Kansar fata cuta ce da galibi hasken rana ke haddasawa idan ya daɗe yana ƙona fata. A ƙasashen Turawa an fi yaƙar injin da matasa ke shiga domin fatarsu ta yi duhu. A 2009 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya shi cikin abubuwan da ke jawo cutar, Brazil kuma ta haramta shi a shekarar.

A Najeriya waɗanda suka fi shiga haɗari su ne zabaya, saboda fatarsu ba ta da wadataccen sinadarin melanin da ke kare mutum daga rana. A gari irin Minna, inda zafin Maris da Afrilu ke da tsanani, zabiyan da ke noman doya ko talla a Kasuwar Kure yakan wuni a rana. Cutar kan fara da ɗan tabo mai kaushi a kunne, leɓe, fuska ko ƙeya, sannan ya zama gyambon da ba ya warkewa. Da yawa sai an gaji da maganin gida ake kai su asibiti, alhali idan aka gano da wuri, ƙaramar tiyata kan wadatar.

Rigakafin ba boyayye ba ne: malafa, riga mai dogon hannu, tabarau, man kariya daga rana, da neman inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Sai dai man na da tsada, inuwar kuma ba ta hannun yaro. Shugaban makaranta ne zai yafe masa tsayuwa a filin taro da tsakar rana, limami da mai unguwa kuma su ne iyaye ke jin maganarsu. Gidauniyar Zabaya da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta daɗe tana wannan faɗakarwa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabaya tun daga 2015.

Akwai kuma man bilicin da matasa ke shafawa, wanda ke raunana fata. A Fabrairun 2023 NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Mai gyambon da ya ƙi warkewa zai iya fara neman likita a Babban Asibitin Minna, Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida.