Hasashen Kwararar Ruwa da Kwamfuta a Kogin Gongola

Hasashen kwararar ruwa fanni ne da ake amfani da kwamfuta wajen lissafa yawan ruwan da zai gangaro kogi daga tuddai. A ƙasashe masu sanyi, narkewar dusar ƙanƙara ake bibiya. Manhajar SRM da Jaroslav Martinec ya ƙirƙiro a Suwizalan a 1975 don haka aka yi ta. A Gombe kuwa ba a san dusar ƙanƙara ba, damina ce ke cika kogi.

Kogin Gongola ya faro daga tsaunukan Jos, ya zuba a Binuwai a Numan. A kansa aka gina madatsar Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, wadda birnin Gombe ke shan ruwanta. Manhajoji irin su SWAT da HEC-HMS kan karɓi adadin ruwan sama, nau'in ƙasa, gangaren wuri da yawan tsirrai, su fitar da abin da ƙasa za ta tsotse, da wanda rana za ta ƙafar, da ragowar da zai isa madatsa. Inda aka sare itatuwa, ruwa kan sauko da gaggawa, ya kwaso yashi.

Ingancin lissafin ya dogara sosai ga ma'aunan da ke bakin kogi. Hukumar NIHSA ce ke fitar da hasashen ambaliya na Najeriya kowace shekara.